Kula da Ɗalibai da Haɗin Kai a Makarantun Sakandare na Kwana



An nemi in yi magana a kan kula da ɗalibai da gina haɗin kai a cikin makarantar sakandare. Batun yana da faɗi ƙwarai, in mutum bai yi hankali ba sai ya cinye sa'a guda yana jero kalmomi masu daɗin ji, irin su tarbiyya da zumunci da kishin ƙasa, ya sauka bai faɗi abin da wani zai ɗauka ya yi aiki da shi ba. Saboda haka na ga ya fi kyau in tsaya a kan abu guda wanda da yawa daga cikinmu muka sani da jikinmu, watau makarantar kwana ta gwamnati a Arewacin Nijeriya, da tsarin nan nata na raba ɗalibai gida-gida a ƙarƙashin malami da manyan ɗalibai. Ra'ayina shi ne, wannan tsari ya zo mana da ƙafa biyu, ɗaya ikon da aka ba babban ɗalibi a kan ƙarami, ɗaya kuma idon malamin da ke bisa babban ɗalibin. A kwana a tashi mun saki ƙafa ta biyu, muka bar ta farko tana ɗingishi ita kaɗai, kuma yawancin abin da muke kuka da shi a makarantunmu daga nan ya samo tushe.

Bari mu fara da asali. A shekarar 1921 aka kafa Kwalejin Katsina, Gwamna Kilifod ya buɗe ta a 1922, da nufin horar da malaman da za su koyar a makarantun larduna. A 1938 aka mayar da ita Kaduna, a 1949 ta koma Zariya, a 1971 kuma aka raɗa mata sunan da muka san ta da shi yau, watau Kwalejin Barewa. Ba sai na tsaya jero waɗanda suka fito daga cikinta ba, ya isa in ce Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello da Malam Aminu Kano sun bi ta nan, haka kuma mutum biyar da suka shugabanci gwamnatin ƙasar nan, Abubakar Tafawa Ɓalewa da Yakubu Gowon da Murtala Muhammad da Shehu Shagari da Umaru Musa 'Yar'aduwa. Abin da ya dame ni a nan shi ne yadda aka zaunar da yaran. An ɗebo su daga larduna dabam-dabam, wannan daga Borno, wancan daga Ilori, wani daga Adamawa, harshe ba ɗaya ba, abinci ba ɗaya ba, aka zuba su cikin gidaje, kowane gida da malaminsa da kyaftin ɗinsa. Sunayen gidajen Barewa ma kansu tarihi ne, akwai Lugga da Kilifod da Ɗan Hausa, akwai Bello Kagara da Nagwamatse. A gida yaro yake kwana, da 'yan gida yake ci, da su yake shara, da su yake shiga gasa. Makarantun Midil, da sakandaren larduna da suka gaje su, duk wannan sawu suka bi.

Turawa ba su ƙirƙiro tsarin dominmu ba, daga makarantun kwana na ƙasarsu suka ɗauko shi. Wanda aka fi jingina masa shi ne Thomas Arnold, shugaban makarantar Rugby a Ingila daga 1828 zuwa 1842. Ya tarar da manyan yara sun riga sun mallake ƙanana da ƙarfin tuwo, sai ya ga tun da ba zai iya kawar da wannan iko ba, gara ya sa masa linzami. Ya naɗa 'yan ajin ƙarshe su zama masu tsawatarwa, amma fa shi da kansa yake koyar da wannan aji, yana zama da su, yana jin abin da suke ciki, su kuma sun san gobe za a tambaye su abin da suka aikata yau. Duk da haka ma zalunci bai ƙare a makarantun Ingila ba, an daɗe ana mayar da ƙananan yara barorin manya. To, in haka ta kasance a inda shugaba yake tsaye a kan yaransa, sai ku auna yadda za ta kasance a inda ya juya baya.

Kada kuma mu ɗauka cewa kakanninmu ba su san wannan dabara ba sai da Bature ya zo. A makarantar allo akwai kolo, akwai titibiri, akwai gardi. Gardi ne ke biya wa kolo karatu, shi ke tashinsa da asuba, in ya yi rashin lafiya shi ke fara sani. Amma gardi a zauren malam yake kwana, ko a kusa da shi, in ya wuce gona da iri malam na ji. Watau mutanen da suka rayu nesa da juna, ba su taɓa haɗuwa ba, sun gano abu ɗaya: ana iya damƙa wa yaro amanar yaro, muddin akwai babba kusa.

Yaya aka yi muka rasa wannan babba? Dalilin ba ɓoyayye ba ne, kuma ba lalacewar malamai ba ce kamar yadda wasu ke saurin faɗi. A watan Satumba na 1976 gwamnatin Janar Obasanjo ta soma shirin ilmin firamare kyauta ga kowa. Yaran da suka shiga aji ɗaya a wannan shekara sun iso ƙofar sakandare a 1982, daidai lokacin da aka fara aiki da tsarin 6-3-3-4, daidai kuma lokacin da kuɗin man fetur ya faɗi har gwamnatin Shagari ta shiga tsuke bakin aljihu. A 1986 aka zo da shirin gyaran tattalin arziki, darajar naira ta zube, albashin malami ya daina kai shi ƙarshen wata. Ɗalibai sun ninka, gine-gine ba su ninka ba. Ɗakin kwanan da aka gina domin yara kaɗan aka cusa masa ninkin ba ninkin, gidajen malamai na cikin makaranta rufinsu ya fara yoyo ba mai gyarawa, malami ya kwashe iyalinsa ya koma cikin gari, da an tashi daga aji sai ya hau babur ya nufi gona ko kanti domin ya cike giɓin albashi. Ba a taɓa fitar da wata takarda da ta ce an soke aikin malamin gida ba. Sunansa yana nan a jikin allon ofishin firinsifal. Sai dai daga la'asar har wayewar gari, makarantar tana hannun yara 'yan shekara goma sha bakwai.

Ina so in ba ku wani labari a kaina, domin kada a ce na zo ina nuna wasu da yatsa. A farkon aikina an ba ni riƙon wani gida a wata makarantar kwana. Akwai wani yaro ɗan aji ɗaya, siriri, mai shiru-shiru, wanda malamai uku suka kawo mini ƙararsa cewa barci yake yi a aji. Kyaftin ɗin gidan, wanda na amince da shi matuƙa domin ya ɗauke mini nauyi, ya ce ai yaron malalaci ne, ga shi kuma an kama shi yana ɗaukar burodin wani. Na sa hannu a littafin horo, aka yi masa bulala a gaban 'yan gida, na koma harkokina ina ganin na yi aiki. Bayan kamar mako uku sai tsohon da ke gadin ƙofar baya ya tare ni, ya ce, "Malam, yaron nan naku da ke zuwa rijiya kafin kiran assalatu, ba a tausaya masa ne? Bokiti shida yake ja kullum." Ashe manya shida yake ɗebo wa ruwan wanka, kuma naman miyarsa da burodinsa na safe duk na uban ɗakinsa ne, shi sai gabza gaya. Barcin da yunwar da satar duk abu ɗaya ne, ni kuma na hore shi a kan abin da aka yi masa. Maigadi ya sani, kuku ya sani, yara sittin sun sani. Wanda aka ba amanar gidan ne kaɗai bai sani ba, domin ban taɓa taka ɗakin kwanan nan bayan sallar isha'i ba.

Tun daga ranar nake ganin cewa kula da ɗalibi, kafin ta zama tausayi ko nasiha, sani ce. A samu babba guda a makarantar wanda ya san sunan yaron nan, ya san garinsu, ya san wanda ke biya masa kuɗi, ya san yadda fuskarsa take in yana lafiya domin ya gane ranar da ta sauya. Firinsifal mai ɗalibai dubu biyu ba zai iya wannan ba ko da waliyyi ne. Malamin lissafi mai shiga aji shida a rana, kowane aji cike maƙil, shi ma ba zai iya ba. Amfanin gida ke nan tun asali, a yanka babbar makaranta gunduwa-gunduwa har ta zama daidai abin da idon mutum ɗaya zai iya kewayewa. In gidan ma ya yi girma, sai a sake yanka shi, a ba kowane malami yara ashirin ko talatin waɗanda zai riƙa zama da su ko da sau ɗaya a mako, ya bi su daga aji ɗaya har su fita. Wannan ba ya bukatar siminti ko kwangila.

Wani zai ce ai wannan surutun tsofaffin malamai ne masu begen zamanin da. To, akwai bincike. A 1979 wani likitan ƙwaƙwalwar yara a Ingila, Michael Rutter, da abokan aikinsa suka buga sakamakon nazarin da suka yi shekaru suna yi a kan makarantun sakandare 12 a cikin birnin Landan. Sun sa wa littafin suna Fifteen Thousand Hours, watau sa'o'i dubu goma sha biyar, adadin lokacin da yaro ke yi a makaranta daga shigarsa har fitarsa. Sun tarar cewa makarantun da suka ɗebi yara masu kama da juna sun bambanta ƙwarai wajen halarta da ɗa'a da cin jarrabawa, kuma girman makaranta ko tsufan gininta ba su ne suka kawo bambancin ba. Abubuwan da suka yi tasiri ƙanana ne a ido: malami ya shiga aji a kan lokaci, ya duba aikin da ya bayar, ya yaba wa yaro in ya yi daidai, yaro ya san zai iya zuwa wurin malami da damuwarsa, malamai su yi magana da murya ɗaya, kuma a ba ɗalibai masu yawa wani nauyi da za su riƙe. Yawan duka kuwa bai haifar da ɗa'a ba. Landan ba Gusau ba ce, na sani, amma duk wanda ya koyar shekara biyar zai gane makarantarsa a cikin wannan bayani.

Ku lura da maganar ba ɗalibai masu yawa nauyi. Mu a nan mun tattara dukan iko a hannun firifet goma sha biyar ko ashirin, sauran ɗaruruwan kuma aikinsu bin umurni da jiran ranar da za su zama siniya su rama. Yaron da aka sa tsallen kwaɗo da gwale-gwale shekara uku, darasin da ya koya shi ne mulki dama ce ta wulaƙanta na ƙasa. Ku ma'aikatan hukuma da ke zaune a nan, ina roƙonku ku tuna da wannan duk ranar da kuka ga wani jami'i ya bar tsoho tsaye a bakin ofis tun safe har azahar. A wani wuri ya koyi haka. Hukumar UNESCO ta fitar da rahoto a 2019 wanda ya nuna cewa a duniya kusan ɗalibi ɗaya cikin uku ya gamu da cin zali daga 'yan'uwansa ɗalibai a cikin wata guda kafin a tambaye shi, a ƙasashen Afirka kudu da Sahara kuwa abin ya kusa kai rabi. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ƙiyasta cewa ɗaya cikin bakwai na masu shekara 10 zuwa 19 yana fama da wata damuwa ta ƙwaƙwalwa. Manufar Ilmi ta Ƙasa tun bugunta na 1977 ta tanadi a sa malaman ba da shawara a makarantun gaba da firamare. A wurare da yawa an sa su ɗin, sa'an nan aka ɗora musu cikakken jadawalin koyarwa, aka ba su ofis jikin na firinsifal, inda babu yaron da zai yarda a gan shi yana shiga.

Yanzu sai in juya ga rabi na biyu na batun, watau haɗin kai. A nan akwai wani kuskure da muka daɗe muna yi, muna zaton cewa in an tara yara wuri ɗaya, aka sa musu tufafi iri ɗaya, aka yi musu huɗubar zaman lafiya a filin taron safe, shi ke nan sun zama 'yan'uwa. A kan wannan fata aka buɗe kwalejojin gwamnatin tarayya na farko a Sakkwato da Warri da Okposi a 1966, aka ƙara yawansu bayan yaƙin basasa har suka haura ɗari, aka kuma kafa shirin bautar ƙasa a 1973. Niyyar kyakkyawa ce, kuma ta haifar da abota mai yawa wadda ta ɗore. Amma zama tare shi kaɗai ba ya isa, wani lokaci ma sai ya ƙara wutar gaba.

A 1954 wani masanin halayyar jama'a haifaffen Turkiyya mai suna Muzafer Sherif ya kai yara maza 22, 'yan kimanin shekara goma sha ɗaya, wani sansani a jihar Oklahoma ta Amurka. Ya raba su biyu, kowane rukuni ya zauna shi kaɗai har suka shaƙu, sa'an nan ya haɗa su gasa, da ƙwallo da jan igiya, da kyauta ga wanda ya ci. Cikin 'yan kwanaki sai zage-zage, aka ƙona tutar abokan hamayya, aka kai wa ɗakin kwanansu hari da dare. Da aka zo sulhu, sai aka fara da zaunar da su cin abinci tare da kallon majigi tare, ai kuwa sai suka mayar da ɗakin cin abinci fagen jifa. Abin da ya yi magani shi ne wahalar da ta shafe su duka, wadda rukuni ɗaya ba zai iya kawar da ita ba. Aka toshe hanyar ruwan sansanin, dole suka fita nema tare. Motar da za ta ɗauko abinci ta ƙi tashi, suka ɗaura mata igiyar nan da suka yi gasa da ita, suka ja gaba ɗaya. A ƙarshe su da kansu suka nemi a mayar da su gida a mota ɗaya. Gaskiya ta sa in ƙara da cewa an soki wannan gwaji daga baya. Wata marubuciya, Gina Perry, ta bi takardun Sherif ta nuna a 2018 cewa masu binciken sun taimaka wajen hura wutar, kuma wani gwajin da ya yi a 1953 ya wargaje domin yaran sun gane ana haɗa su faɗa ne suka ƙi. Ni a wurina wannan suka darasi ne na biyu: sau da yawa gabar da ke tsakanin yara, manya ne suka shirya ta.

Bahaushe bai bukaci zuwa Oklahoma ba kafin ya san wannan. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma duk wanda ya taɓa zuwa gayya ya ga yadda ake yi. Kowa da kunyarsa, ga ganga tana zuga, ana tsere ba shakka, amma gonar ɗaya ce, ba a tashi sai an kai gefe, wanda ya riga gamawa yakan juyo ya tari wanda aka bari a baya. Gasar tana cikin aikin, ba ta fi ƙarfinsa ba. Gasar gidaje a makarantunmu kuwa sau da yawa ta zama ta yara goma masu gudu, sauran suna gefe suna ihu, in an gama a ba da kofi a watse sai baɗi. Ban ce a daina ba. Cewa na yi a auna gida da abin da kowa ke da hannu a ciki, tsabtar ɗaki da makewayi, lambun gida, yawan waɗanda suka halarci firef, da yadda 'yan ajin ƙasa na gidan suka ci jarrabawa. Ranar da makin kyaftin ya dogara a kan ko ɗan aji ɗaya ya ƙoshi ya kuma iya karatu, ranar zai daina aikensa rijiya da asuba.

Akwai wani wasa da aka gada daga Kwalejin Katsina wanda nake jin takaicin yadda ya ja baya, watau ƙwallon bango da ake bugawa da tafin hannu, wanda Sardauna ya so ƙwarai har bayan ya zama Firimiya. Bibbiyu ake yinsa, kuma bisa al'adarsa babu alƙalin wasa. In ka tare abokin hamayya, kai za ka faɗa da bakinka. Yaron da ya yi shekara biyar yana yanke wa kansa hukunci a gaban abokansa ya koyi wani abu da ba a rubuta shi a manhaja ba.

A cikin aji ma ana iya yin gayya. A 1971, a garin Austin na jihar Texas, an haɗa yara farare da baƙaƙe da 'yan asalin Meziko a makaranta ɗaya bayan an daɗe ana ware su, sai faɗa ya ɓarke. Wani malamin jami'a, Elliot Aronson, ya kawo dabara mai sauƙi. A raba aji rukuni-rukuni na yara biyar ko shida, a yanka darasin gida biyar ko shida, kowane yaro a ba shi yanki ɗaya ya koya ya zo ya koyar da 'yan rukuninsa, jarrabawa kuma a kan dukan darasin za a yi ta. Wanda ya yi wa ɗan'uwansa dariya don ba ya iya magana sosai, kansa ya cuta, domin yankin da zai ci jarrabawa da shi yana bakin wancan. Malamin tarihi da ke koyar da jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ga yara tamanin da littafi goma zai iya yin wannan gobe da safe, kuma ƙarancin littafin ma sai ya zama dalilin yinsa.

Sai dai yara ba za su haɗa kai ba in suna ganin manya a rarrabe. Ɗalibi ya fi kowa sanin malaman da ba sa ga maciji da juna, ya san wanda firinsifal ke fifitawa, ya san wanda zai kai wa ƙara a soke hukuncin wani. Har ila yau, in muna lissafin ma'aikatan makaranta mukan manta da kuku da maigadi da mai ba da magani da matar da ke kula da ɗakin kwanan 'yan mata, alhali kuwa su ne ke ganin abin da malami ba ya gani. Uwar ɗakin kwana ce ta san yarinyar da ke ƙin zuwa aji kwana huɗu kowane wata saboda babu ruwa a makewayi, kuma ba za ta taɓa faɗa wa malami namiji ba. Ban ga abin da zai hana a kira waɗannan bayin Allah taron ma'aikata ko da sau ɗaya a zango a tambaye su abin da suka gani ba. Ni dai da na tambayi maigadi tun farko, da ban bugi yaron nan ba.

Ga 'yan'uwana na ma'aikatar ilmi ina da ƙorafi biyu. Na farko, canjin wurin aiki a tsakiyar shekara. A takarda, an ɗauke malamin kimiyya an kawo malamin kimiyya, lissafi ya daidaita. A makaranta kuwa an ɗauke mutumin da ya san yara arba'in ciki da waje, an kawo baƙo. Na biyu, in sufeto ya zo duba makaranta, rajista yake dubawa da littafin shirin darasi, ya sha ruwa a ofis ya tafi kafin azahar. Ina ma a ce zai kwana, ya ci abin da yara suka ci da dare, ya leƙa ɗakin kwana da ƙarfe goma, ya ƙirga malamai nawa ne suke cikin harabar a wannan lokaci. Gyaran gidajen malamai guda huɗu a cikin makaranta, da ɗan alawus ga wanda ya yarda ya zauna a ciki, bai kai kuɗin sabuwar ƙofar shiga mai ado ba.

Ba zan sauka ba sai na taɓo abin da ke zuciyar kowane uba a yau. A watan Fabrairu na 2014 aka kashe ɗalibai a ɗakunan kwanansu a kwalejin tarayya ta Buni Yadi. A watan Afrilu na wannan shekara aka sace 'yan mata 276 a Chibok, a 2018 aka ɗauke 110 a Dapchi, a Disamba na 2020 aka kwashe fiye da 300 a Ƙanƙara, a Fabrairu na 2021 aka ɗauke 279 a Jangebe. Bayan waɗannan, jihohi da dama sun rufe wasu makarantun kwana ko sun mayar da su jeka-ka-dawo. Tsare makaranta daga 'yan bindiga aikin hukuma ne da jami'an tsaro, babu malamin gidan da za a ɗora wa wannan. Amma akwai wani abu da ya fito fili a kusan kowane ɗaya daga cikin waɗannan masifu, watau wuyar da aka sha kafin a san yara nawa ne babu. A Ƙanƙara an fara sanar da 333, da aka sako su aka ƙirga 344. Lalle dare ne, wasu yaran sun tsere daji, wasu iyaye sun kwashe nasu, ruɗani ba makawa. Duk da haka, makarantar da aka yanka ta ƙananan rukunoni, kowane rukuni da babban da ke kiran suna kafin a kwanta, wanda kuma yake da lambar wayar iyayen yaransa ashirin a aljihu, za ta iya faɗa wa uwar da ta zo bakin ƙofa da asuba ko ɗanta yana ciki ko ba ya ciki.